Barcin Ƙarambau a Jikin Ɗiyata ta Fari

A ƙasarmu mace ba ta kallon ɗan farinta ido cikin ido. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta dubi wani wuri har wata ta zo ta ɗaga shi. Haka na tarar, haka na yi, kuma na yi fiye da yadda anka nema gare ni, don ni in na riƙe abu ba na riƙe shi da yatsa biyu. Ɗiyata ta fari tana cika shekara biyu anka yaye ta. Ƙanwar maigidana, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ƙauyenmu kusa da Tsarnawa ta goya ta, ta tafi da ita garinsu can gefen Illela, ta Adar nake nufi, ba ta ƙetaren iyaka ba. Ranar ina cikin ɗaki ina tsintar wake. Ban fito ba. Mata sunka yaba mini.

Can ta girma, can anka yi mata aure da wani mutum mai natsuwa da ke dakon siminti a Malbaza, yana loda buhuna cikin manyan motoci. Gwaggonta take ce wa Inna. Ni tana ce mini Yaya, ni kuma ina ce mata "ke". In zancenta ya taso cikin mata sai in ce waccan ta Malbaza.

Amma ina kallonta. Mutum yana iya kallon abu da wutsiyar ido shekara ashirin, ya san shi fiye da mai zura masa ido. In ta zo ganin gida da salla, tun daga ƙofa nake gane tafiyarta, ƙasa har amsawa take yi. Tulu a ka, guga a hannu, goyo a baya, kuma tana magana ba ta haki. Ba ta iya zama ba. In ta ga tsintsiya a jingine sai ta ɗauka, ko da an yi shara yanzu. Ban taɓa yaba mata ba, amma in ta tafi nakan tsaya in dubi sawun ƙafarta a tsakar gida kafin kaji su ɓata shi.

Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ƙi, anka kuma rufe iyaka, hatsin Najeriya ya daina shigowa sai ta ɓarauniyar hanya. Munka ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya saki. Cikin wannan yunwa ta haifi ɗanta na uku. Daga baya na ji cewa rabonta take raba wa manyan yaran biyu, ita ta sha ruwa ta ɗaure ciki da zane, ga jinjiri yana tsotso. Ta fita shekarar a tsaye. Kowa ya ce ƙarfe ce.

Damina ta dawo, anka yi gero, mutane sunka fara ƙoshi. A lokacin ne, da kaka, sa'ad da wahala ta wuce, zazzaɓi ya kama ta. Bayan zazzaɓin sai ƙuraje masu ruwa sunka fito mata a jere, daga tsakiyar baya sunka zagayo ta ƙarƙashin nono na hagu sunka tsaya a ƙahon zuci, ba su ƙetare ba, kamar an shata musu iyakar gona. An ce zafinsu kamar an naɗa mata igiya mai wuta. Tsofaffin Malbaza sunka ce in bakin biyu sunka haɗe to sai dai haƙuri. Ba su haɗe ba. Ban ga ƙurajen nan da idona ba, labari anka kawo mini, na ce Allah shi ba da sauƙi, ban je ba.

Ƙuraje sunka bushe, sunka bar tabo. Ƙarfinta ne bai dawo ba.

Da sanyi ya shiga uwar mijinta ta turo ta gida da jinjirin, wai ta zo ta huta kwana biyu, ta haɗo da saƙo ta bakin direban da ya sauke ta. Saƙon ya ce yarinya tana cin abinci, jikinta ba zafi, ba kumburi, ba tari, amma kwanciya ta fi mata komi daɗi, a duba mata. Na gane abin da ke ƙarƙashin maganar. Ana ce wa ɗiyar gidanmu raguwa ke nan, cikin ladabi.

Na sa mata ido kamar yadda nake sa wa tunkiyar da ta ƙi kiwo. Na dubi farin idonta sa'ad da take miƙo mini ƙwarya, na dubi ƙafafunta, na saurari numfashinta. Ban ga cuta ba. Abin da na gani mace ce mai shekara ashirin da wani abu, kwance a inuwar rumbu da hantsi, ido buɗe, tana kallon sama ta tsakanin ganyen bedi. Inuwa ta matsa, ita ba ta matsa ba, har rana ta hau mata ƙafa. Jinjirin yana rarrafe a kanta kamar a kan tudu. Wata rana na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu yadda abin yake. Ta ce kamar tana ƙasan rijiya ne, tana ganin mutane can sama a bakin, suna leƙowa suna magana, maganar tana isowa a makare. Ta ce takan yi barci ta farka kamar wadda ta wuni tana huɗa. Ta ce wani lokaci kalmar da take nema takan tsaya mata nesa kaɗan, tana ganinta, ba ta iya kamowa.

Na ji wannan duka ta bayan zana, na ce a raina mai ciwo ba shi da wannan dogon bayani.

An yi mata rubutu ta sha. An kawo saiwoyi daga wajen wani Bafillace. Wata ta raɗa mini cewa a nemi masu girka, ƴan bori, na kore ta. Ni maganin da na sani ga jikin da ba shi da ciwo ɗaya ne. Wata safiya na mirgino turmi na ajiye a gabanta, na zuba gero, na jingina taɓarya. Ta dube ni, ta tashi. Ta yi daka ranar kamar da, har da luguɗe ita da maƙwabciya, ta je rijiya sau biyu, ta yi dariya. Na ce to, ga shi nan. Kashegari ma ta ɗan taɓa aiki. Rana ta uku ta kasa ɗaga ludayi. Kwana tara tana kwance, haske ma ba ta so, in an yi magana da ƙarfi sai ta rufe kunne.

Nan ne na yi kuskuren da na fi jin nauyinsa. Da ranar dakan ta faɗi, da na ce aikin ne. Amma faɗuwar ba ta zuwa sai bayan kwana biyu, sa'ad da ba ta yi komi ba. Sai na lissafa abin a juye: ranar da ta yi aiki lafiya lau take, ranar da ta zauna ciwo ya zo, ashe zama ne ciwonta. Duk sa'ad da ta ɗan farfaɗo sai in mirgino turmi. Ita kuma ba ta taɓa ce mini a'a ba. Sau biyu na maida ta Malbaza da kaina na sa ta mota, na ce gidan miji ba a yi masa yaji da kwanciya. Sau biyu anka dawo da ita a gaban motar siminti, kanta jingine da ƙofa, ƙurar siminti fari fat a gashin idonta kamar wadda ta tsufa a hanya.

Dawowa ta biyu da bazara ce. Uwar mijin ta ce za su zo ranar Juma'a ta sama, ita da ɗanta, a yi magana ɗaya: ko ta koma ta kama aikinta kafin ruwa ya sauka, ko a san abin da ake ciki. Maigidana ya ce kafin nan a kai ta gidan likita a Konni, ko don a ce an kai.

Ni na raka ta, don ba wata. Munka zauna a benci tun safe. Da layi ya zo kanmu munka shiga wurin majo, babban mai duba marasa lafiya a wurin, wani dogon mutum mai furfura a gemu, Hausarsa da ɗan gargada. Ya sa an ɗibi jininta, ya ce ba a ga wani abu ba sai ɗan ƙarancin jini. Ya ce ta ɗaga riga. Na kau da kai, amma na ga tabon, karo na farko, baƙi-baƙi a jere kamar sawun tururuwa. Ya kira sunan ciwon da Faransanci, zona. Sa'an nan ya juyo gare ni.

"Inna, ta yi ƙarambau tana ƙarama?"

Na ce ban sani ba. Ya tambaye ta, ta ce ba ta tuna ba. Ya ce to ba komi, in mun koma gida a tambayi uwar da ta haife ta.

Ɗiyata ta dubi ƙasa, ta ce a hankali, "Ita ce."

Majo ya dube ni, ya gyara takardun gabansa. Na sha zama gaban mutane masu faɗa, ban taɓa jin abin da na ji cikin kallon mutumin nan ba.

Ya yi mana bayani da haƙuri. Ya ce ƙarambau in ya kama yaro ya warke, ba ya fita jiki. Ƙwayarsa takan shige can ciki kusa da ƙashin baya ta kwanta, ta yi barci shekara ashirin, talatin, hamsin. Jiki yana da masu tsaronsa, muddin suna da ƙarfi ba ta motsi. In yunwa da haihuwa da zazzaɓi sunka taru sunka raunana su, sai ta farka ta bi jijiya ɗaya ta fito, shi ya sa ƙurajen ke tsayawa gefe guda. Game da gajiyar kuma ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, ba shi da allurarta. Ya ga mutane da ke faɗawa cikinta bayan irin wannan ciwo, gwaji ba ya nuna komi, wasu su tashi bayan watanni, wasu shekaru. Abin da ya lura da shi kawai, in an tilasta musu aiki ƙara nutsewa suke yi. Ya ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce a bar ta ta huta, hutu na gaske.

A mota muna komowa na yi ta juya maganar. Cuta ta yi barci shekara ashirin cikin mutum, ba ta ci ba ta sha? Na ce wannan zancen wanda maganinsa ya ƙare ne. Amma tambayarsa ta ƙi barina. Kafin mu kai Tsarnawa na yanke wa kaina hukunci irin nawa. In yarinyar nan ta yi ƙarambau, mutumin ya san abin da bai gani ba, maganarsa gaskiya ce, ciwo gare ta. In ba ta yi ba, ranar Juma'a ta bi mijinta. Mutum ɗaya ce a duniya ta san amsar.

Ban taɓa zuwa garin gwaggonta ba, ko da bikin auren, don uwa ba ta zuwa. Na shiga motar kasuwa a mararrabar Tsarnawa, wadda ke yin arewa. Zafin bazara ya kwanta a kan ƙasa, duwatsun Adar suna rawa daga nesa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Na yi ta gyangyaɗi ina farkawa, kowane farkawa sai in ga kamar wuri ɗaya muke, jan dutse, ƙaya, akuya tsaye a kan ƙafa biyu. Wani wuri motar ta yi zafi, direba ya tsaya ya buɗe mata baki ta sha iska. Munka sauka gefen wani tabki da ya ƙafe, ƙasarsa ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi.

Wani tsoho yana tsakiyar tabkin shi kaɗai da sanda da ƴar fartanya. Yana tafiya yana ƙwanƙwasa ƙasa, yana saurare. Ya tsaya, ya yi tono har gwiwar hannu, ya ciro wani curin laka busasshe, ya fasa shi a hankali. Gaiwa ce a ciki, kifin nan mai kwana cikin laka, a naɗe, wutsiya a kan fuska. Wata nawa rabon wurin nan da ruwa, Allah kaɗai ya sani. Ya zuba mata ɗan ruwa daga gorarsa, sai ta motsa, ta buɗe baki. Na san gaiwa tun ina yarinya, na ci ta ba adadi. Amma ranar haushinta na ji, don ta goyi bayan majo. Na koma mota na zauna tun direba bai kira ba.

Na isa bayan azahar. Na tarar da gwaggon zaune a ƙofar ɗakinta tana saƙa faifai, ta tsufa fiye da ni ko da yake na girme ta, gwiwoyinta sun kumbura. Tsakanina da ita akwai wasa, ƙanwar miji ce. Ta ɗaga kai ta ƙanƙance ido.

"Matar yaya? Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa.

"To rumbunku ne ya ƙone, kin zo bara. Zauna, kada ki tsaya mini a ka kamar jandarma."

Ta ba ni ruwa da fura. Ta san ɗiyar ba ta da lafiya, ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa, kuma ba wanda ya gaya mata abin ya kai haka. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi ƙafarta, na tambayi shirin damina. Daga baya na ce, waccan ta Malbaza, ko ta taɓa yin ƙarambau a hannunki.

Ta ajiye faifan. Ta ce ashe tambayar da zan shiga mota dominta ke nan, bayan shekara ashirin da ƴan kai. Ta ce ta yi mana, tana da shekara huɗu, da bazara irin wannan. Ya fito mata har cikin baki, har fatar kai, kwana bakwai ba ta cin komi sai kunu da ake ɗiga mata. Ta kwantar da ita a kan ganyen bedi, ta ɗaure mata hannuwa da tsumma don kada ta sosa. Ta ce ta ji tsoro har ta aiko mini.

Na ce ba a aiko mini ba.

Ta ce an aiko. Wani Buzu mai sayar da kanwa a kan jaki ta ba saƙon, da ya zagayo ya ce mata ya isar. Ya tarar da uwar tana tankaɗe, ta ce Allah shi sawwaƙe, ba ta ko ɗaga kai ba. Har yaba ni ya yi, wai bai taɓa ganin mace mai kunya irina ba.

Tana faɗa sai abin ya taso mini daga can ƙasa, a hankali, kamar guga mai nauyi. Baƙin rawani. Ƙarar ƙararrawar jaki. Gari yana zuba ta rariya, siriri, fari, ni kuma ina kallonsa kamar ba hannuna ke kaɗawa ba. Uwar mijina tana zaune gefe tana kallona ta ga yadda zan yi. Na tuna bayan mutumin ya tafi na zaga bayan rumbu na tsaya, ban san tsawon lokacin ba, ina kallon wata ƙadangaruwa a jikin bango. Sa'an nan na dawo na ɗora tukunya. Na binne ranar nan da kyau har ni kaina na manta inda na sa ta.

Na gaya mata abin da majo ya ce, na kuma gaya mata zancen turmi, ban rage komi ba. Da ta buɗe baki ba wasa a ciki. Ta ce yarinyar da sai an ɗaure ta da zane a ƙafar gado kafin ta zauna a yi mata kitso, yarinyar da ko barci a guje take yinsa, ita ce na ɗauka raguwa? Ta ce duk wanda ya san ta kwana uku ya san in ta kwanta to ƙasa ce ta ja ta.

"In ba ki iyawa, ki sa ta mota ki maido mini abata. Da rarrafe ma zan yi jinyarta."

Hanya ce mai sauƙi, kuma ita al'ada ta sani. Ba wanda zai zarge ni. Na dubi gwiwoyinta, na dubi ɗakin, na ce ta yi nata, saura nawa. Ta yi ƴar dariya ta ce Allah shi sa ba da taɓarya zan yi jinyar ba.

Ranar Juma'a sunka zo da hantsi. Anka shimfiɗa tabarma a zaure, maigidana da ƙanensa, da surukin, da uwarsa. Ɗiyata tana ɗaki kwance. Ni wurina bayan ƙofa ne, in kawo ruwa in koma. Maganar ɗiyar fari ba ta uwa ba ce, balle gaban suruki, wanda ko haɗa hanya ba mu yi.

Uwar mijin ta yi magana, kuma ba ta faɗi ƙarya ba. Ta ce ita tsohuwa ce, ga yara biyu a hannunta, ɗanta yana wuni ƙarƙashin buhu ya dawo ba ruwan wanka ba tuwo, ga gona tana jiran shuka. Ta ce likita da kansa bai ga komi cikin jini ba. Maigidana ya sunkuyar da kai, na san abin da zai ce, zai ce ta bi ku, Allah shi kyauta. Na ji ya ja numfashi.

Na ajiye ƙwaryar ruwan, ban koma ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba za ta bi su ba. Na ce ciwo gare ta, tsohon ciwo ne da ya kwana cikin jikinta tun tana shekara huɗu, yunwa ta tashe shi, ni kuma na ƙara mata da hannuna. Na ce za ta zauna ɗakina har ranar da ita da kanta ta ce ta iya, ba ranar da ni ko wani ya ce ba.

Ƙanen maigidana ya dubi rufin ɗaki. Uwar mijin ta riƙe haɓa ta ce, ikon Allah, yau ga uwa tana yi wa ɗiyar fari lauya, duniya ta zo ƙarshe. Ta ce to wa zai yi mata daka, bakina?

Na ce hannuna. Motocin siminti da ke sauke kaya a Konni suna komawa Malbaza ba kaya, ta Tsarnawa suke bi. Duk kwana uku zan daka gari da dawo in kai bakin hanya a ba direba. In shuka ta zo zan je in yi kwana biyu a gonarsu. Surukin, wanda tun zuwansu bai ɗaga ido ba, ya yi magana yana kallon tabarma. Ya ce shi dama bai taɓa cewa ƙarya take ba, ya rasa wanda zai faɗa tare da shi ne. Ya ce direbobin duk ya san su.

An yi ta zancena a rijiya har damina ta wuce. Wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Damina uku ta yi a ɗakina. Ba zan ce ta warke ba, don waccan mai tulu da guga da goyo ba ta dawo ba har yau. Abin ya riƙa janyewa ne kaɗan-kaɗan kamar ruwan fadama, yau ka ga ya bar kan dutse, gobe ya sake rufe shi. Shekarar farko yawancinta barci ne da kallon bedi. Nakan zauna nesa kaɗan da ita ina kaɗi, inuwa tana zagaya mu. Wani lokaci ta farka ta ba ni labarin mafarkinta, yawanci tafiya ce, tana ta tafiya cikin gero mai tsawo ba ta gajiya. Munka koyi auna ƙarfinta kamar hatsin shekarar yunwa, abin yau na yau, ba a taɓa na gobe. Daga baya ta koma gidanta, tana sayar da ƙuli-ƙuli a zaune a ƙofar gida, manyan yaran sun kawo ƙarfi.

Idona bai daina aiki ba, abin da yake nema ne ya sake. Na gane alamun kafin ita ta gane: in maganarta ta fara sauri, in ta fara dariya da yawa, in ta ce yau kam garau take ji. Ranakun nan su ne masu haɗari.

A kakar ƙarshe da ta yi wurina, wata safiya mai sanyi-sanyi, ta ce za ta bi ni gona roron wake. Munka tafi a hankali, raɓa tana jiƙa mana bakin zane. Hazo bai gama tashi daga fadama ba, karan dawa suna tsaye cikinsa kamar mutane masu jiran a yi salla. Ta durƙusa tana roro, hannunta ya tuna aikin, yana ta sauri. Ta fara ƴar waƙa ƙasa-ƙasa. Ƙwaryarta ta kai rabi, na ga ta ɗaga kai tana auna sauran kunyar da ido, har ƙarshenta.

Na je na karɓe ƙwaryar daga hannunta. Ta ce, Yaya, ko gumi ban yi ba. Na ce na gani, shi ya sa. Na nuna mata gindin gawo, ta yi ɗan tsaki kamar ƙaramar yarinya, ta je ta zauna ta miƙe ƙafafu. Na ƙarasa kunyar ni kaɗai, ina jin idonta a bayana.